Fashin Baƙi: A Wane Tsayi Ya Kamata Filanjin Masai Ya Zauna a Kan Daɓen Banɗaki?

Shin a kan tayil ake ɗora filanjin masai, wato ƙawanyar da ke haɗa tukunyar masai da bututun ƙazanta, ko daidai da fuskar tayil ake barinsa, ko kuwa babu laifi idan ya ɗan nutse ƙasa da ita? Wannan tambaya tana tasowa a duk inda ake sabon gini ko ake sabunta banɗaki, kuma amsoshin da ake bayarwa sukan ci karo da juna har mai gida ya rasa maganar wa zai ɗauka tsakanin mai aikin famfo da mai sa tayil. Abin da ake gardama a kansa bai wuce 'yan milimitoci ba, amma daga nan ne ake samun masai mai girgiɗi, da warin da aka rasa mafitarsa, da ruwan ƙazanta mai tsiyaya a ɓoye har ya ruɓar da katako ko ya ɓata silin ɗin ɗakin da ke ƙasa.

Matsayar da masu ƙera kayan da galibin ƙwararru suka tsaya a kai ita ce, leɓen filanji ya kwanta a kan kammalallen daɓe, ta yadda samansa zai ɗara fuskar daɓen da kimanin kwatan inci, wato milimita 6. Wannan adadi yana da dalili, kuma wanda ya fahimci dalilin ba zai ruɗe ba ko da ya tarar da banɗakin da bai bi ƙa'ida ba.

Mene ne filanji, kuma me ake nufi da kammalallen daɓe?

Filanji wata ƙawanya ce mai wuya da ake haɗawa da bakin bututun da ke kwashe ƙazanta daga masai na zama, a daidai inda bututun ya ɓullo daga ƙasa. Sassa biyu gare shi. Akwai wuyan da ke shiga cikin bututu ko ya rungume shi ta waje, akwai kuma faffaɗan leɓe mai huda-huda da ya kewaye bakin. Wasu hudojin zagayayyu ne, ta nan ake kafe filanjin a jikin daɓe da ƙusoshi masu zare. Wasu kuma dogaye ne masu lanƙwasa, a nan ake maƙala kan noti biyu da za su leƙo ta gindin tukunyar masai hagu da dama, a ɗaure ta da su. Ana yin filanji da robar PVC ko ABS, ko da ƙarfen zubi a tsofaffin gine-gine, kuma da yawa daga na roba ana yi musu leɓen ƙarfen da ba ya tsatsa, saboda roba takan tsage a wajen hudar noti idan aka matsa mata. Bututun da yake hawa yawanci inci 3 ne ko 4, kimanin milimita 75 ko 100. Wannan tsari shi aka saba da shi a Amurka da Kanada, da duk inda ake amfani da tukwanen da aka ƙera a kan ma'auninsu.

Kammalallen daɓe kuwa shi ne fuskar ƙarshe da ƙafa za ta taka bayan an gama komai, ko tayil ce, ko marmara, ko leda, ko katako. Ƙarƙashinsa akwai daɓen asali, wato simintin da aka zuba ko katakon bene. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ta fi yadda mutane suke zato. Tayil ta ƙasa takan kai milimita 8 zuwa 10, mannin da ke riƙe ta ya ƙara 'yan milimitoci, idan kuma an shimfiɗa allon siminti mai milimita 6 ko 12 a ƙarƙashi, ko an yi yaɓen daidaita ƙasa da shimfiɗar hana ruwa, sai jimillar ta haura santimita 2 cikin sauƙi. Filanjin da aka kafe a kan daɓen asali yana kallon daidai a ranar da aka sa shi, amma ranar da mai tayil ya gama aikinsa sai a same shi a cikin rami.

Rabon aiki tsakanin daɓe, filanji da zoben kaki

Wanda ya kifar da tukunyar masai ya dubi gindinta zai ga abubuwa uku. Akwai gefen da ya kewaye gindin, wanda shi kaɗai ne aka ƙera domin ya taɓa ƙasa. Akwai tsakiyar da ta loɓa ciki, wadda aka bari domin filanji ya samu wurin zama. A tsakiyar wannan loɓawa kuma akwai bakin mafita da ya ɗan turo waje, wanda zai leƙa cikin ramin filanji idan an zaunar da tukunya. Tangaran da roba ba sa haɗuwa su toshe ruwa da kansu, don haka ake sa zoben kaki, wato abu mai laushi irin kakin zuma, a tsakaninsu, mai kaurin da yakan kai kashi uku cikin huɗu na inci zuwa inci guda kafin a danne shi.

Kowanne daga cikin ukun nan aikinsa daban. Daɓe ne ke ɗaukar nauyin tukunya da na mai zama a kanta. Filanji da notinsa suna jan tukunyar ƙasa su hana ta motsi. Kaki kuwa toshe giɓi kawai yake yi, ba ya ɗaukar nauyi kuma ba ya riƙe komai. Halinsa kamar na ɗanyen yumɓu ne: idan aka danna shi yakan zauna a yadda aka danna shi, ba ya sake kumburowa. Saboda haka sai an matse shi sosai sau ɗaya, sannan a tabbatar babu abin da ya sake motsawa. Idan giɓin ya yi faɗi, kakin ba zai matsu ba. Idan giɓin ya yi ƙunci, za a tatse shi gaba ɗaya ya fice ta gefe, a bar ɗan siririn abin da ba zai toshe komai ba. An ƙera loɓawar gindin tukunya da kaurin zoben ne bisa zaton cewa filanji yana kwance a kan daɓe, kuma kaurin leɓen filanjin kansa shi ne wannan kwatan incin da ake faɗa. Ke nan adadin ya fito ne daga yadda kayan suka dace da juna.

Abin da ke faruwa idan filanji ya yi ƙasa

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa, kuma ita ce ta fi haɗari domin ba ta nuna kanta da wuri. Tukunya takan zauna daram a kan tayil, babu girgiɗi, mai aiki ya kora ruwa sau biyu ko uku bai ga komai ba, ya tattara kayansa ya tafi. Dalilin da ya sa ba a gani nan take shi ne, ruwan da aka kora yana faɗawa kai tsaye ta tsakiyar ramin da sauri, ba ya tsayawa ya matsa wa mahaɗar. Sai ranar da bututu ya ɗan toshe ruwa ya taru ya dawo sama, ko ranar da aka sa robar buɗe toshiya aka yi ta dannawa da ƙarfi, sannan raunin ya bayyana. Kuma da yake filanjin yana cikin rami, ruwan ba ya fitowa kan tayil inda ido zai gan shi, sai ya bi ƙarƙashinta. A benen katako wannan yana nufin ruɓewa a hankali har ƙusoshin filanji su rasa abin kamawa. A daɓen siminti kuwa damshi ne ke shiga ƙarƙashin tayil, layukan tsakaninsu su yi duhu, fumfuna ta kama, wasu tayil ɗin su fara ƙarar kwankwaso idan an taka.

Batun wari ma yana da nasa bayani, kuma a nan ne mutane da yawa suke ɓata lokaci da kuɗi a kan sabulu da turaren banɗaki. Ruwan da ke kwance kullum a cikin tukunya, wanda zurfin toshiyarsa yakan kai milimita 50, shi ne ke hana iskar bututu shigowa ɗaki. Amma mahaɗar filanji tana bayan wannan ruwa ne, a ɓangaren bututu. Duk wata kafa da ta samu a wurin, iskar ramin ƙazanta za ta bi ta nan ta fito ba tare da ta ratsa ruwan ba, kuma cikinta har da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kafar da ruwa bai samu bi ba iska tana iya bi, ƙananan ƙwari ma haka. Idan banɗaki yana wari alhali an wanke shi tas, kuma magudanar ƙasa tana da ruwa a lanƙwasarta, to gindin masai ne wuri na farko da ya cancanci zargi.

Akwai kuma illa ta uku. Noti yakan yi tsawo a banza tsakanin filanjin da ya nutse da gindin tukunya, kuma idan babu abin da ya tallafi leɓen daga ƙasa, ɗaure notin sai ya riƙa jan leɓen sama yana lanƙwasa shi har ya tsage.

Abin da ke faruwa idan ya yi sama

Wannan ba ta ɓuya. Da zarar tsayin ya doshi rabin inci, tukwane da yawa sukan hau kan filanjin maimakon su sauka a daɓe, sai a ga tukunya tana lilo gaba da baya ko gefe da gefe. Kowane motsi yana buɗe kakin da ba ya komawa, nauyin mutum kuma yana sauka a kan roba da bututu. Mai aikin da ya so ya kashe girgiɗin da ƙarin ɗaurin noti yakan ƙare da fasa gindin tangaran, kuma tukunyar da ta tsage a nan ba ta gyaruwa. An fi samun wannan idan aka cire tsohon daɓe mai kauri aka sa marar kauri, misali aka ɓamɓare tayil biyu da aka jera a kan juna aka maye gurbinsu da leda.

Daga ina kuskuren yake tasowa?

Tushensa jerin aiki ne. Mai aikin famfo yana zuwa da wuri, tun ginin yana ɗanye, ya shimfiɗa bututu ya gwada shi da ruwa. A lokacin sau da yawa mai gida bai ma zaɓi tayil ba, balle a san kaurinta. Mai famfo yana son ya kammala nasa a biya shi, sai ya yanke bututu ya manna filanji a kan abin da ya tarar. Mai tayil ya zo daga baya ya yanka tayil ya kewaye filanjin, domin shi a ganinsa wannan ba hurumin aikinsa ba ne. Kowa ya yi abin da aka sa shi, amma mahaɗar ayyukan biyu ba ta da mai ita. Hanya ta biyu ita ce sabunta banɗaki, inda ake ɗora sabuwar tayil a kan tsohuwa domin guje wa wahalar fasawa, a manta cewa filanjin yana nan inda yake tun farko.

Irin wannan mantuwa tana shafar wani ma'aunin ma. Tazarar tsakiyar filanji daga bangon baya, wadda a tukwanen Amurka yawanci inci 12 ce, kimanin milimita 305, ko da yake akwai na inci 10 da 14, daga kammalallen bango ake auna ta, bayan yaɓe da tayil. Haka kuma inci 15 da dokokin aikin famfo na can suke buƙata daga tsakiyar masai zuwa bango ko wani abu na gefe.

Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu ra'ayi na farko suna cewa a kan kammalallen daɓe kawai, babu sassauci. Hujjarsu ita ce wadda ta gabata, da ƙarin cewa idan ruwa ya tsiyaya to a kan tayil zai fito a gan shi da wuri.

Masu ra'ayi na biyu sun yarda a kafe filanji a kan daɓen asali, muddin samansa zai zo daidai da fuskar tayil. Suna cewa ƙusa ta fi kama katako ko siminti kai tsaye, ba sai an huda tayil mai tauri ana fargabar fasa ta ba, kuma zoben kaki yana da kaurin da zai cike wannan ƙaramin bambanci. Maganarsu ba ta rasa gaskiya ba, domin masai masu yawa suna zaune haka shekara da shekaru lafiya lau, musamman idan an sa zobe mai ƙarin kauri. Raunin wannan hanya shi ne ba ta bar sarari ga kuskure ba. Wanda ya nufi daidai da tayil, idan manni ya ɗan yi kauri, ya faɗa ƙasa da ita ke nan.

Ra'ayi na uku shi ne na masu cewa tsayin ba shi da muhimmanci tunda ana iya jera zoben kaki biyu. Wannan ne nake ganin bai kamata a bi ba. Kaki mai tsawo ba shi da abin da zai tokare shi ta gefe, don haka matsin ruwa yana iya ture shi, kuma idan an danne shi yakan tatsu zuwa cikin ramin ya rage faɗin hanya, takarda ta riƙa maƙalewa a jikinsa. Yana iya yin aiki na wani lokaci, amma mai gida ba shi da hanyar sanin ranar da ya daina.

Akwai kuma zobba na zamani da ake yi da roba ko soso mai tauri, waɗanda suke kumburowa bayan an danne su kuma ana iya ɗaga tukunya a mayar ba tare da an sauya su ba. Suna jure bambancin tsayi fiye da kaki, kuma wasu sun fi son su a daɓen da ake ɗumamawa daga ƙasa, inda zafi ke tausasa kaki. Sai dai kowanne yana da iyakar tsayin da aka rubuta a kwalinsa, kuma babu wanda zai gyara filanjin da ba a kafe shi ba ko wanda ya karkace.

Yadda ake aunawa kafin a zaunar da tukunya

Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko ma'aunin lebur a gicciye a kan ramin. Idan ya hau leɓen filanji ya bar ɗan giɓi tsakaninsa da tayil a hagu da dama, a auna giɓin. Idan kuma a kan tayil ya kwanta, filanjin yana ƙasa, sai a auna zurfin. A yi haka ta fuska biyu, gaba da baya da kuma gefe da gefe, domin filanjin da gefe ɗaya ya ɗara ɗaya yana matse kaki a wani ɓangare ya bar wani.

Daga nan sai gwajin zama ba tare da kaki ba. A ɗora tukunyar a wurinta a danna kusurwoyinta. Idan ta yi lilo, a duba ko a kan filanji take hawa ko kuwa daɓen ne bai yi lebur ba, abin da ake yawan samu a banɗakin da aka karkata ƙasansa zuwa magudana. Akwai dabara mai sauƙi ta sanin ainihin giɓin: a mulmula 'yan dunƙulen yumɓu ko laka mai laushi guda uku ko huɗu, a jera su a kan leɓen filanji, a rufa musu 'yar leda don kada su manne, a zaunar da tukunya har gindinta ya taɓa ƙasa, sannan a ɗaga. Kaurin da dunƙulen suka koma shi ne giɓin da zobe zai cike, kuma dole zoben da za a saya ya fi shi kauri sosai domin ya samu matsuwa.

Hanyoyin gyara

A sabon gini maganin yana hannu tun kafin matsala ta zo. A bar bututun ya fito da tsawo sama da inda daɓe zai tsaya, a toshe bakinsa don kada ɓaraguzai su faɗa kuma kada wari ya fito, a naɗe shi da kwali ko soso domin siminti ya bar sararin da wuyan filanji zai shiga. Bayan an gama tayil sai a yanke bututun da abin yanka na ciki, a manna filanji, a huda tayil, a kafe shi da ƙusoshin da ba sa tsatsa waɗanda suka ratsa har cikin daɓen asali. Manni kaɗai a jikin bututu bai isa ba, domin bututu ba shi ne zai riƙe tukunya ba. Idan dole ne a sa filanjin tun da wuri, a tallafe leɓensa da abu mai kaurin daɓen da ake shirin yi. Filanjin da ke shiga cikin bututu ya dace da bututun inci 4, amma a na inci 3 yana ƙuntata hanya, gara mai runguma ta waje.

Idan an riga an gama kuma filanjin ya nutse, akwai zobban ƙarin tsayi na roba masu kauri daban-daban, irin su kwatan inci da rabin inci. Ana goge tsohon kaki tas, a shafa silikon ko a sa robar da ta zo da su a tsakani, a ɗaure su da dogayen ƙusoshi har cikin daɓe, a sauya noti da masu tsawo. Mahaɗar da ke tsakanin tsohon filanji da zoben ƙari ita ma wurin yoyo ce idan aka yi sakaci da ita. Idan nutsewar 'yar kaɗan ce, zoben kaki mai ƙarin kauri guda ɗaya ya wadatar. Idan leɓen ne ya tsage amma wuyan yana da lafiya, akwai ƙawanyar ƙarfe ta gyara da ake ɗorawa a kai. Idan kuwa katakon da ke kewaye ya riga ya ruɓe, babu abin da za a ɗora ya zauna sai an sauya katakon.

Filanjin da ya yi sama gyaransa na gaskiya shi ne a yanke shi a sake wani a tsayin da ya dace. Idan abin da ya ɗara kaɗan ne, ana iya cusa siraran wejin roba a ƙarƙashin gefen tukunya har ta tsaya cak, a yanke abin da ya leƙo. Wejin katako yana shan ruwa ya ruɓe, na ƙarfe kuma ya yi tsatsa ya ɓata tayil. A wajen ɗaure noti a riƙa yi bi da bi, hagu kaɗan dama kaɗan, a tsaya da zarar tukunya ta daina motsi. Idan aka ɗaga tukunya bayan ta danne kaki, ko da minti ɗaya ne, sai an sa sabon zobe. A ƙarshe ana zagaye gindin da silikon domin ruwan wanka da na wanki kada su shiga ƙarƙashi, kuma masu aiki da yawa sukan bar ɗan wuri a baya ba su toshe ba, domin idan yoyo ya faru ya samu hanyar fitowa a gan shi.

Inda ba a amfani da filanji

A Ingila da ƙasashen Turai da wurare da yawa da suka bi tsarinsu, ba filanji da kaki ake sawa ba. Bakin mafitar tukunya yana shiga cikin wata mahaɗar roba mai fuka-fuki da ake cusawa cikin bututu mai milimita 110, sannan a kafe tukunyar a daɓe da nata ƙusoshin daban. Duk da haka kammalallen daɓe yana nan a matsayin ma'auni. A tukunya mai mafita ta baya, tsakiyar mafitar takan kasance kimanin milimita 180 daga ƙasan da tukunya ta zauna a kai, don haka idan aka ɗora sabuwar tayil a kan tsohuwa, tukunya ta hau sama ke nan, bututun da ke cikin bango kuma yana nan inda yake. Mahaɗar robar takan jure ɗan bambanci, akwai kuma masu karkata da aka yi domin wannan, amma idan aka tilasta wa miƙaƙƙiya ta lanƙwashe, fuka-fukinta sukan buɗe ta gefe ɗaya. A tukunya mai mafita ta ƙasa kuwa, idan bakin bututu ya nutse ƙarƙashin sabuwar tayil, sai a nemi mahaɗa mai dogon wuya da za ta shiga bututun sosai, a guji cike wurin da siminti, domin siminti yana tsagewa da motsi kuma yana sa a fasa tukunya duk ranar da aka tashi cire ta.